Zan je baje kolin wuƙaƙen maƙera a Birnin Kebbi: me zan duba kafin in saya?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makaranta ne a Jega. Wani abokina da ke Birnin Kebbi yana cikin wata 'yar ƙungiya ta masu sha'awar tara wuƙaƙe da tsofaffin takubba, kuma sun shirya baje koli na yini guda, sun gayyato maƙera daga Argungu da Zuru da ƙetaren iyaka, kowa ya zo da aikin hannunsa. Ina so in je in sayi wuƙar layya mai kyau wadda zan bar wa 'ya'yana, amma na ji an ce akwai wadda ake yi wa kuɗi naira 40,000, alhali ta kasuwarmu ba ta wuce 3,000 ba. Ta yaya zan gane mai kyau, yaya ake zama a irin wannan wuri, kuma ba zan shiga matsala a shingen jami'an tsaro ba idan ina dawowa da ita?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Idan na fahimce ka, abubuwa uku ne ke damunka. Kana gudun ka zuba kuɗin wuƙa goma sha uku a kan wuƙa ɗaya ka dawo gida ka tarar ba ta fi ta kasuwar Jega ba, kana gudun yin abin da zai ba ka kunya a gaban mutanen da suka daɗe a harkar, sannan kana tunanin hanya. Shawarata tun daga farko ita ce ka je, ko da ba za ka sayi komai ba, domin gani ya kori ji. Ni a gidan ƙira aka haife ni a Argungu, na fara zuga tun ina ɗan shekara bakwai, na daɗe ina riƙe wa mahaifina awartaki kafin a yarda in ɗaga masaɓa, daga baya na yi karatun ƙarafa a kwalejin kimiyya da fasaha, kuma har yau ina da murhu da uwar maƙera a bayan gida. Abin da zan faɗa maka ya fito ne daga waɗannan makarantu biyu.

Irin wannan taro da abokinka ya gayyace ka sabon abu ne a wajenmu, amma ya daɗe a wasu ƙasashe, musamman Amurka. A can masu ƙera wuƙa da hannu sun kafa ƙungiyarsu a 1970, kuma a taronta na 1973 ne Bill Moran ya fito da wuƙaƙen ƙarfe mai zane, wanda ake kira Damaskus, abin da ya farfaɗo da sha'awar ƙira da wuta da guduma bayan ta kusa mutuwa a ƙasar. A 1976 shi da abokansa suka kafa ƙungiyar maƙeran wuƙa ta Amurka, wadda har yau take ba da shaidar ƙwarewa. Babban baje kolin wuƙaƙe na ƙasar shi ne wanda ake yi a Atlanta kowane watan Yuni, amma wanda ya fi kama da naku shi ne na ƙungiyar masu tara wuƙaƙe ta jihar Oregon, wanda suke yi a garin Eugene a watan Afrilu, inda 'yan ƙungiya da kansu ke shirya tebura, wasu su kawo na sayarwa, wasu kuma su kawo abin da suka tara domin a gani kawai. Abin da ya bambanta irin wannan wuri da shago shi ne wanda ya ƙera wuƙar yana zaune a bayan teburin, kana iya tambayarsa, shi kuma ba shi da wanda zai ɗora wa laifi.

Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kabi. Unguwar Maƙerar Gandu da ke Birnin Kebbi sunanta kaɗai ya isa shaida, kuma kowane babban gari a nan yana da Sarkin Maƙera. Abin da ya canza shi ne wuƙaƙen kamfani masu sheƙi da ake shigowa da su daga waje sun cika kasuwa da araha, maƙeri kuma ya koma yin abin da zai sayar da sauri, fartanya da lauje da wuƙar da za a yi Sallah ɗaya da ita a manta. Maƙerin da ya iya aikin ƙwarai yana nan, sai dai babu mai biyansa kwana uku a kan wuƙa guda. Shi ya sa nake ganin 'yan ƙungiyar nan sun yi abin a yaba, kuma shi ya sa nake so ka je da idon mai neman sani.

Abin da wuta ta yi wa ƙarfe

Mafi yawan masu saye suna duban ƙota da kube da sheƙi, alhali ingancin wuƙa yana cikin abu biyu da ido ba ya gani, wato irin ƙarfen da aka yi ta da shi da yadda aka bi da shi a wuta. Ƙarfen da ke riƙe kaifi shi ne wanda ke da sinadarin kabon tsakanin kashi 0.6 zuwa kashi 1 cikin ɗari ko kusa da haka. Rodin gini da falankin ƙarfen da masu walda ke yin ƙofa da shi kabon ɗinsu ya yi kaɗan, don haka ko an gasa su an tsoma a ruwa ba sa yin taurin da ake bukata, kuma da irinsu ake yin yawancin wuƙaƙen araha. Maƙeranmu na ƙwarai sun fi amfani da sifirin na mota, da tsohon magagari, da zoben boris. Sifirin yawanci yana da kabon kusan kashi 0.6 da ɗan kuromiyam, yana da juriya, ba ya saurin karyewa, shi ya sa ya dace da adda da barho da babbar wuƙar yanka. Magagari da boris sun fi kabon, sun fi riƙe kaifi, amma sun fi wuyar sha'ani a wuta, kuma kuskure kaɗan ke sa su tsage. Don haka tambayarka ta farko ga kowane maƙeri ita ce da wane ƙarfe ya yi wuƙar. Wanda ya san aikinsa zai ba ka amsa kai tsaye, sau da yawa har da irin motar da aka ciro sifirin ɗin daga jikinta.

Tambaya ta biyu ita ce yadda ya taurara ta, kuma a nan ne ake rabuwa. Bayan an gama bugu an fitar da siffa, ana mayar da wuƙa wuta har ta yi ja daidai gwargwado. Mahaifina da ido yake ganewa, shi ya sa ba ya wannan aiki da tsakar rana, sai da asuba ko bayan la'asar sakaliya a cikin inuwar rumfa, domin hasken rana yana ɓoye launin ƙarfe. A makaranta na koyi cewa mayen ƙarfe yana daina kama ƙarfe idan zafinsa ya kai digiri 770 a ma'aunin Salshiyas, kuma wurin tsomawa yana ɗan sama da haka, wajen digiri 800 zuwa 830. Da na gwada mayen ƙarfe a kan wuƙar da tsoho ya ce ta yi, sai na tarar idonsa da ma'aunin Turawa sun yi daidai. Idan zafin ya gaza, wuƙa ba za ta yi tauri ba. Idan ya wuce kima, ƙwayoyin ƙarfen suna girma, sai ta yi gautsi, bakinta ya riƙa ɓantarewa a kan ƙashi.

Daga nan sai tsomawa, a ruwa ko a mai. Ruwa yana sanyaya ƙarfe da sauri ƙwarai, kuma ƙarfen sifirin da na boris ba sa son wannan gaggawa. Ina da shekara goma sha shida na ƙera wa wani mahauci wuƙar fawa da zoben boris, na kwana biyu a kanta, na tsoma ta a ruwan randa mai sanyi lokacin hunturu, sai na ji wani ɗan sauti, ƙas, kamar an karya tsinke. Da muka goge ta muka ga tsaga siririya kamar gashi ta taso daga baki ta nufi baya. Mahaifina bai yi faɗa ba, ya sa ta a kan uwar maƙera ya karya ta biyu, ya nuna mini cikin karayar, ya ce in duba ƙwayoyin, manya-manya kamar tsakin gero, alhali ya kamata su yi laushi kamar toka. Kuskure biyu na yi, na ƙona ta kuma na tsoma ta a ruwa. Tun daga ranar nake tsoma irin wannan ƙarfe a mai mai ɗumi.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda masu gaggawa ke tsallakewa. Wuƙar da ta fito daga mai tana da tauri kamar gilashi, idan ta faɗi a kan siminti tana iya karyewa, don haka dole a goge ta ta yi fari a sake ɗumama ta a hankali, wajen digiri 200 ko sama kaɗan, har bakinta ya ɗauki launin busasshen karan dawa. Idan aka bari ta kai shuɗi, wato kusan digiri 300, ta yi laushi da yawa ga baki, ko da yake wannan launi yana da kyau a bayan wuƙa domin ya ba ta juriya. Maƙerin da ya yi maka bayanin waɗannan launuka da bakinsa, ko da bai taɓa jin sunan digiri ba, ya san abin da yake yi. Wanda ya ce maka sirrin gidansu ne, ko ya koma yi maka labarin maganin da aka shafa wa ƙarfen, ka gode masa ka wuce teburi na gaba.

Dole in gaya maka gaskiya cewa babu wanda zai iya tabbatar da wannan aiki da kallo kawai, ko da ya shekara arba'in a maƙera. A masana'anta akwai na'urar auna tauri ta Rockwell, inda wuƙa mai kyau ke faɗawa tsakanin 55 da 62, amma ba za ka same ta a wurin baje koli ba. Gwajin da ke nuna gaskiya ƙarara kuma yana lalata wuƙar. A jarrabawar ƙungiyar maƙeran Amurka da na ambata, mai neman shaida yana sare igiya mai kaurin inci ɗaya da ke rataye da sara guda, ya datse katako sau biyu, wuƙar ta ci gaba da aske gashin hannu, sannan a matse ta a lanƙwasa ta zuwa kusurwar digiri 90 ba tare da ta karye ba. Wannan wuƙa ta gama aiki daga ranar. Kai da za ka saya ba ka da wannan dama, don haka abin da ya rage maka shi ne maganar maƙeri, da shaidar waɗanda suka yi aiki da wuƙarsa, da 'yan gwaje-gwajen da hannu zai iya yi.

Abin da za ka duba a kan teburi

Bayan ka nemi izini an ba ka, ka ɗaga wuƙar ka dube ta daga ƙota zuwa tsini kamar mai duban gorar da zai saya, ka ga ko ta miƙe, domin tsomawa tana karkatar da ƙarfe kuma ba kowa ke gyarawa ba. Ka juya bakinta sama a ƙarƙashin haske. Baki mai kaifi ba ya mayar da haske, duk inda ka ga ɗigo yana walƙiya to wurin ya dakushe ko ya lanƙwashe. Ka bi gefen ruwan wuƙar da ido a hankali kana neman tsaga, musamman kusa da baki da inda ƙarfe ya shiga ƙota. Ka duba kaurin ƙarfen a daf da baki, domin nan ne wuƙar yanka ke cin jarrabawa ko ta faɗi. Wuƙa tana iya aske gashi amma ta yi kauri a bayan bakin, ta riƙa cijewa a wuyan dabba. Ta layya ana so ta yi siriri a nan, bakinta ya tafi santal ba gargada, tsawon ruwanta ya kai santimita 20 zuwa 25 idan rago ne, ya haura 30 idan sa ne, domin a gama da ja ɗaya ko biyu. Ka san hadisin Shaddad ɗan Aus da Muslim ya ruwaito, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da a kyautata yanka, a wasa wuƙa, a hutar da abin yanka. Siririn baki shi ne rabin wannan hutarwa.

Ka tafi da tsohuwar jarida a aljihu. Idan mai wuƙa ya yarda, ka ja bakin a gefen takardar daga gindi har tsini, duk inda ta tsaya ko ta yage akwai matsala a wurin. Wasu maƙeran suna zuwa da wuƙar gwaji da guntun itace ko igiya domin mai saye ya sara ya gani, kuma wannan alama ce ta mutumin da ya yarda da aikinsa. Idan akwai irin wannan, ka roƙe shi ya goga magagari a bakin ta gwajin. A kan ƙarfen da aka taurara magagari yana zamewa ne ko ya ɗan kama kaɗan, a kan ɗanyen ƙarfe kuwa yana ci kamar ana gurza rogo. Kada ka taɓa yin wannan a kan wuƙar da aka gama aka goge domin sayarwa.

Sai ƙota. Ka tambaya har ina wutsiyar ƙarfen ta shiga, domin wadda ta tsaya a rabin ƙota ba tare da ƙusa ba wata rana za ta fita a hannunka. Mafi aminci ita ce wadda ƙarfe ya ratsa har ƙarshe aka danne shi, ko aka haɗa ɓangare biyu na itace da ƙusoshin tagulla. Itacen ƙirya da na kanya da na maɗaci duk suna da kyau idan sun bushe sosai, ƙahon sa ma haka, sai dai ɗanyen itace yana tsagewa da zarar iskar hunturu ta buso. Ka duba mahaɗar ƙarfe da ƙota, idan akwai rami jini zai shiga ya zauna ya ci ƙarfen daga ciki. Ka riƙe ta yadda za ka riƙe ta ranar Sallah, ka tuna hannunka zai jiƙe, ƙota mai santsi da ba ta da abin tare yatsa haɗari ce komai kyanta. Kube kuma aikin baduku ne, ka ga ɗinkinsa, ka ga ko wuƙar na zama daram ba ta zamewa idan an kifa shi. Wanda aka sa wa siririn itace a ciki ya fi, domin fatar da aka jeme da bagaruwa tana riƙe laima, kuma wuƙar da ta kwana damina guda a cikinta sai ta fito da tsatsa.

Za ka iya ganin wuƙaƙe masu zanen igiyar ruwa a jiki ana ce maka Damaskus ne. Na gaskiya ana yin sa ne da haɗa ƙarfe iri biyu a wuta, a ninka, a sake ninkawa, sannan a jiƙa shi a ruwan asid zanen ya fito, kuma za ka ga layukan sun bi ta bayan wuƙar. Akwai na bogi da aka zana a fuska kawai, akwai kuma masu araha da ake shigowa da su da yawa waɗanda zanensu na gaske ne amma ƙarfensu ba ya riƙe kaifi. Zane ba ya ƙara wa wuƙa yanka, kuma ga wanda ke neman wuƙar layya ban ga dalilin biyan kuɗinsa ba.

Ladabin wurin

Ladabin da Turawa suka rubuta wa masu zuwa baje kolinsu mu addini ya riga ya koya mana. An hana miƙa takobi a zare, kamar yadda ya zo a hadisin Jabir, an hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa, kuma an umarci mai wucewa da kibau a kasuwa ko masallaci ya riƙe tsininsu. Don haka ba a ɗaukar wuƙa sai an tambaya, ba a zare ta daga kube ana fuskantar mutum, ba a kaɗa ta a iska domin jin nauyinta, kuma idan za ka mayar ka ajiye ta a kan teburi inda ka ɗauka, ko ka miƙa ta ƙota gaba. Kada ka shafa yatsa a ruwan wuƙa, domin gumin hannu yana barin tabo a baƙin ƙarfe cikin sa'o'i kaɗan, kuma mai ita ne zai sha goge-goge bayan tafiyarka. Idan wuƙa ta suɓuce maka ka janye ƙafa ka bar ta ta faɗi, sannan ka ba da haƙuri ka ɗauki nauyin abin da ya lalace.

Ka je da wuri, domin aikin ƙwarai kaɗan ne kuma 'yan ƙungiya sun san teburin da za su fara zuwa. Ka zaga wurin gaba ɗaya sau ɗaya hannunka a aljihu kafin ka taya komai. Ka gaida dattawan maƙera yadda ya kamata, ka zauna idan an ba ka wuri, kuma kada ka kushe aikin wani a gaban wani, domin yawancinsu 'yan'uwan juna ne ko surukai. Hoto ma sai da izini, musamman a teburin masu tarawa, waɗanda ba kowannensu ke so a san abin da ya ajiye a gida ba.

Idan aka nuna maka tsohon takobi

Tun da ƙungiyar ta masu tara takubba ce, za ka ga tsofaffin kaya, kuma a nan ne aka fi yi wa baƙo romon baka. Takobinmu da na Buzaye dangi ne, miƙaƙƙe mai baki biyu, kuma da yawa daga cikin tsofaffin ruwansu daga Turai aka kawo su ta hamada, musamman daga garin Solingen na Jamus, aka yi musu ƙota da kube a nan. Za a nuna maka tambarin jinjirin wata biyu a jikin ƙarfen a ce shaida ce, amma maƙeran Agadas da na ƙasar Hausa sun daɗe suna buga irin wannan tambari a kan nasu aikin, don haka shi kaɗai ba ya tabbatar da komai. Ƙota da kube kuma ana sabunta su duk bayan zamani, sai ka ga tsohon ruwa a cikin sabuwar riga, ko sabon ruwa da aka binne a ƙasa ya yi tsatsa. Duk wanda ya ce maka takobinsa ya ga zamanin Sarkin Kabi Kanta a birninsa na Surame, ko an yi yaƙin Alwasa na 1805, na lokacin jihadi, da shi, ka tambaye shi daga wane gida ya fito kuma ta hannun wa ya biyo. Tantance shekarun takobi aikin ma'aikatan gidan tarihi ne, ni nawa ya tsaya a kan ƙarfe da wuta, kuma idan kana so idonka ya saba da na gaske ka ziyarci gidan tarihi na Kanta a Argungu, tsohuwar fadar da aka mayar gidan tarihi a 1958, inda aka ajiye takubba da masu da kwari da baka.

Akwai kuma doka. Dokar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta 1979 ta sa aikin hannun da aka yi a ƙasar nan kafin 1918 cikin kayan tarihi, ta taƙaita cinikinsu ga hukumar da wakilan da ta amince da su, ta kuma hana fitar da su waje ba da izini ba. Haka nan ƙotar hauren giwa, wanda aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989. Ka kalli waɗannan ka ƙaru, kuɗinka kuma ka kai su teburin maƙerin da ke raye.

Kuɗi da hanya

Game da naira 40,000, ba zan yanke wa wuƙar da ban riƙe ba hukunci, amma ga yadda za ka auna. Ta kasuwa maƙeri yana iya fitar da goma ko fiye a yini. Ta ƙwarai tana cin kwana biyu zuwa uku, ga gawayin ƙirya, ga kuɗin ƙarfe, ga ladan baduku, ga waɗanda suka tsage a mai aka zubar. Ka lissafa abin da birkila ko kafinta ke karɓa a yini a Jega ka ninka sau uku, ka ɗora kayan aiki, za ka ga inda kuɗin ya tafi. Idan kuwa tsadar ta fito ne daga azurfar da aka naɗa a ƙota da adon kube, to ado kake saye, kuma wannan zaɓinka ne. Ana ciniki, amma da mutunci, kada ka taya da kwatan kuɗin da aka faɗa, kuma kada ka taya abin da ba ka da niyyar ɗauka idan an sallama.

Hanyar da na fi so ga mutum irinka ita ce ka ba da aiki. Idan ka sami maƙerin da bayaninsa ya gamsar da kai, ka tambayi abokinka ko akwai mahauci ko maharbin da ke aiki da wuƙarsa, domin mahaucin da ke fawa kullum ya fi kowa sanin wadda ke riƙe baki. Sannan ka gaya masa dabbar da kake yankawa, ya auna tafin hannunka, ku yi magana a kan ƙarfe da tsawo da ranar karɓa, ka ba da kafin alƙalami a gaban shaida. Ka yi wannan da sauran wata biyu ko uku kafin Babbar Sallah, domin idan Zulhajji ya kama babu maƙerin da ke da lokacin yin aiki a natse. Ka roƙe shi ya buga alamarsa a jikin ƙarfen, tun da ka ce 'ya'yanka kake so su gada, su san hannun da ya yi ta.

Batun hanya kuwa ka yi daidai da ka yi tunaninsa, domin halin tsaron da ake ciki ya sa jami'ai ba sa wasa da duk abin da ke da kaifi. Kafin ka tashi ka tambayi abokinka ko sun sanar da 'yan sanda da mai unguwa da Sarkin Maƙera, idan ba su yi ba ka ba su shawara su yi, domin tara mutane da takubba a wuri guda ba da sanin hukuma ba yana iya jawo wa kowa fitina. Idan ka saya ka karɓi rasit mai ɗauke da sunan maƙeri da lambar wayarsa da bayanin wuƙar. Ka bar ta a kubenta, ka naɗe da tsumma ko kwali ka ɗaure, ka sa a ƙasan jaka, jakar kuma a but ɗin mota. Kada ka soke ta a ƙugu ko ka sa a aljihun riga. Ka riƙe katin shaidarka na aiki, ka kamo hanyar Kalgo da sauran rana, kuma idan an tsayar da ku aka tambayi abin da ke cikin jaka ka faɗa da bakinka kafin a buɗe, ka nuna rasit. Wuƙa ɗaya ta yanka a naɗe a hannun malamin makaranta abu ne da ake ganewa, takobi ko wuƙaƙe biyar kuwa wani zance ne, irin waɗannan gara ka bar su a wurin abokinka har a san yadda za a yi.

Idan ka isa gida ka fitar da ita daga kube, ka goge ta, ka shafa mata man kaɗanya kaɗan, ka naɗe ta a tsumma mai tsabta ka ajiye inda yara ba sa kaiwa, kuben kuma a gefenta. Baƙin ƙarfe zai yi duhu bayan yankan farko, wannan ba tsatsa ba ce, kada ka kankare shi. Ka wasa ta a dutse da ruwa, kada ka kai ta wurin mai injin gurza ƙarfe, domin zafin injin yana ƙona bakin ya mayar da shi shuɗi, ya warware aikin da maƙeri ya yi a wuta cikin minti guda. Ƙashi kuma ka bar wa adda. Bayan Sallah ka kira maƙerin ka gaya masa rago nawa ta yanka kafin ta nemi dutse, kuma idan bakin ya ɓantare ko ya lanƙwashe ka mayar masa ya gani da idonsa.